Mu Koyi Turanci: Kalmar "only" da Inda Take Zama a Cikin Jimla

A Dingyaɗi da sauran ƙauyukan Boɗinga da Shagari, idan aka dawo daga asibiti da kwalbar magani, ko aka sayo maganin feshi a kasuwa, yawanci ɗan makaranta ake kira ya karanta abin da aka rubuta a jiki. Kusan duk rubutun da Turanci yake. Yaron yakan daɗe a kan manyan kalmomi masu wuyar faɗi, ya wuce ƙananan da sauri. Amma sau da yawa gargaɗin yana cikin ƙaramar kalma ne. A darasinmu na wannan fitowa za mu duba ɗaya daga cikinsu, wato "only".

Ma'anarta

Ana furta ta kamar "onli". Asalinta daga kalmar "one" ne, wato ɗaya. Da Hausa mukan ce kawai, kaɗai, kacal, wani lokaci kuma sai. Malaman nahawu suna sa ta cikin bayanau, wato kalmomin da ke ƙara bayani a kan aiki ko a kan wata kalma.

Aikinta kamar na shinge ne. Takan kewaye abu ɗaya, ta bar sauran a waje. Don haka duk inda kuka gan ta, ku yi wa kanku tambayoyi biyu. Mene ne aka kewaye? Mene ne aka bari a waje?

Akwai bambanci ɗaya tsakanin harsunan biyu da ya kamata ku riƙe. Bahaushe yakan faɗi abu tukuna, sannan ya ce kawai: "gero kawai". A Turanci "only" ce takan zo da farko: "only millet". Saboda haka a cikin jimla, ku dubi kalmar da ke biye da ita.

Jimla ɗaya, ma'ana huɗu

Ga jimla mai sauƙi: Bitrus sold onions in Bodinga. Wato Bitrus ya sayar da albasa a Boɗinga. Yanzu bari mu riƙa matsar da "only" daga wuri zuwa wuri, mu ga abin da zai faru.

1. Only Bitrus sold onions in Bodinga. Bitrus kaɗai ne ya sayar, ba wani.

2. Bitrus only sold onions in Bodinga. Sayarwa kawai ya yi. Ba shi ya noma ba, ba shi ya ɗauko ba.

3. Bitrus sold only onions in Bodinga. Albasa kaɗai ya sayar, babu gero, babu wake.

4. Bitrus sold onions only in Bodinga. A Boɗinga kawai ya sayar. Bai kai Shagari ko Sakkwato ba.

Kalmomin ba su canza ba, wurin zaman "only" ne ya canza. Amma da a gaban mai gari ake shari'a a kan kuɗin albasar nan, kowace jimla shaida ce dabam.

A maganar baki, masu jin Turanci sukan ajiye "only" kafin aikatau, kamar a jimla ta biyu, sai su ɗaga murya a kan kalmar da suke nufi. Mai sauraro yakan gane. Amma takarda ba ta da murya. Don haka idan kuna rubuta wasiƙa, ko yarjejeniya, ko jarrabawar WAEC da NECO, ku ajiye "only" dab da kalmar da kuke so ku kewaye.

Darasi ga uwaye

Ku dubi waɗannan jimloli biyu da kyau:

Give only breast milk for six months.
Give breast milk for only six months.

Ta farko tana cewa a ba jariri nonon uwa zalla har wata 6, ba ruwa, ba kunu, ba jiƙo. Ta biyu kuwa tana cewa a ba da nono na wata 6 kacal, sannan a yaye. Ta farko ita ce shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar a shekarar 2001. Ta biyu kuskure ce, domin shawarar ita ce bayan wata 6 a fara ba yaro abinci, a kuma ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye.

A zafin bazara na ƙasar Sakkwato, uwa takan ji tausayin jariri ta ba shi ruwa. Amma fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma mai tsabta ne. Ruwan randa kuwa yana iya kawo wa jariri gudawa. Wanda ke fassara wa mata irin wannan rubutu, idan ya sa "kawai" a kan watanni maimakon a kan nono, ya juya saƙon gaba ɗaya.

A jikin kwalba da buhu

A gajerun rubuce-rubuce na gargaɗi, "only" takan koma ƙarshe, kamar yadda muke yi da Hausa. A nan tana kewaye abin da ya zo kafinta. Ga waɗanda za ku fi haɗuwa da su:

For external use only. Na shafawa ne a fata. Kada a sha.

For veterinary use only. Na dabbobi ne. Kada mutum ya sha ko a yi masa allura da shi, ko da sunansa ya yi kama da na maganin mutane.

Single use only. Sau ɗaya ake amfani da shi. Sirinjin da aka yi wa wani allura da shi, ba a sake yi wa wani.

Prescription only. Sai da takardar likita.

For outdoor use only. Na waje ne. Janareta a cikin ɗaki, hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci.

For planting only. Na shuka ne. Irin da aka yi wa magani yakan zo da launi, ja ko shuɗi ko kore. Ko rumbu ya yi ƙasa, kada a dafa shi, kada a ba kaji ko awaki.

Akwai kuma wannan: Use only as directed. Wato a yi amfani da shi yadda aka umarta kawai, ba ƙari, ba sauya masa aiki. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, domin maganin ƙwarin da aka samu a cikinsa ya wuce kima. Hukumar NAFDAC ma ta sha yin gargaɗi cewa kada a zuba maganin feshi a cikin waken da za a ci. Wanda ya tsallake umarnin da ke jikin kwalba yana cutar da iyalinsa, yana kuma ɓata wa sauran manoma kasuwa.

A kan rasit

Kun sha ganin an rubuta: Twenty thousand naira only. Waɗansu suna tsammani raina kuɗin aka yi. Ba haka ba ne. Ma'anarsa naira dubu 20 cif, magana ta ƙare a nan. Ana sa "only" ne don a rufe layin, kada wani ya zo daga baya ya ƙara "five hundred". Ma'aji na ƙungiyar manoma ko na zumuntar mata, idan zai rubuta rasit ko takardar rance, ya sa "only" nan da nan bayan adadin kuɗin, kada ya bar fili a tsakani. Idan kuma ku za ku sa hannu ko ku dangwala yatsa, ku tabbata an yi haka.

Waɗansu hanyoyi uku

"Only if" yana nufin sai idan. Take this medicine only if the test shows malaria. Kada a sha maganin sai idan gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne.

"Not only ... but also" yana buɗe shingen ne. She grows not only millet but also beans. Ba gero kaɗai take nomawa ba, har da wake.

Idan "only" ta zo bayan "my", "his" ko "the" kuma suna ya biyo ta, ta zama sifa, ma'anarta tilo. This is my only goat. Wannan ce akuyata tilo.

Ku gwada tare

Ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ya karanta, ɗaya ya faɗi abin da aka kewaye da abin da aka bari a waje.

1. Only Ladi fetched water today.
2. Ladi fetched only water today.
3. The clinic opens on Monday only.
4. Give the child only half a tablet.

Amsoshi: Ladi kaɗai ce ta ɗebo ruwa yau. Ruwa kawai Ladi ta ɗebo, ba ta yi itace ba. Ranar Litinin kaɗai ake buɗe asibitin. Rabin ƙwaya kawai za a ba yaron, ba guda ba.

Aikin gida

Kafin haɗuwarku ta gaba, kowa ya duba kwalaben magani, da buhunan iri, da tsofaffin rasit da ke gidansa. Duk inda ya ga "only", ya kwafe jimlar a littafi ya kawo. Ku fassara su tare, ku kuma bayyana wa waɗanda ba su iya karatu ba. Idan wata jimla a jikin magani ta shige muku duhu, ku kai kwalbar wurin ma'aikacin lafiya kafin a ba kowa.