Adam Petty: Kariyar Da Ta Zo a Makare

'Ya'yana masu son gudu da abin hawa, ku ba ni aron kunnuwanku in ba ku labarin wani yaro Ba'amurke. Sunansa Adam Petty, an haife shi a 1980 a gidan da tseren motoci ya zama gado. Kakan mahaifinsa, Lee Petty, shi ya lashe tseren Daytona 500 na farko a 1959. Kakansa Richard ya ci tsere 200 a babban rukunin gasar NASCAR, har mutane suka yi masa laƙabi da Sarki. Mahaifinsa Kyle ma direban tsere ne. Ka ga ke nan yaro ya tashi da ƙarar inji a kunnensa tun yana goye.

Kuma bai ba gidan kunya ba. A 1998, yana ɗan shekara 18, ya shiga tserensa na farko a gasar ARCA a filin Charlotte, ya zo na ɗaya. Ranar 2 ga Afrilu 2000 ya taka babban rukuni a Texas da motarsa mai lamba 45, sai injin ya ba shi matsala bai kai ƙarshe ba. Bayan kwana uku tsoho Lee ya rasu. Ranar 12 ga Mayu, ana gwaji a filin New Hampshire, totur ya maƙale masa daidai shiga kwana ta uku, motar ta daki katangar kankare. Nan ya cika, shekararsa 19.

A nan nake so ku tsaya ku yi tunani. Bel ya riƙe jikinsa kam, amma babu abin da ya riƙe kan. Da motar ta tsaya cak, kai da nauyin hular kwano suka fizgu gaba, ƙashin gindin ƙoƙon kai ya karye. Abin da ke sosa mini rai shi ne, maganin wannan yana nan tun kafin ranar. Wani masani, Robert Hubbard, ya ƙera na'urar HANS tun shekarun 1980: abu ne da ake ɗorawa a kafaɗa, a ɗaure shi da hular, ya hana wuya fizguwa. Yawancin direbobi suka ƙi ta, wai tana takura su. Mako takwas bayan rasuwar Adam, wani direba Kenny Irwin ya mutu a kwanar nan dai, da irin raunin nan. A Oktoba direba Tony Roper ya bi su a Texas. Sai da gwarzon gasar, Dale Earnhardt, ya mutu a Daytona a Fabrairun 2001 hankali ya tashi sosai, aka wajabta abin kare wuya a Oktoban shekarar, daga baya aka lulluɓe katangun da shinge mai shanye ƙarfin karo.

Ba na ɗora wa yaron laifi. Yaro abin da ya ga manya suna yi shi yake yi, kuma yawancin manyan da ya buɗe ido ya gani ba sa saka na'urar. Ajali na Allah ne, ba mai ja da wannan, amma an umarce mu da bin sababi. Saboda haka in an miƙo maka bel ko hular kwano, ɗana, karɓi ka ɗaura ko da abokai za su ce tsoro ne. In kuma kai ne babba a wurin, fara ɗaurawa a gaban ƙannenka, don da ido suke koyo.

Kyle, mahaifin Adam, ya ci gaba da tsere da lamba 45. A 2004 iyalin suka buɗe sansanin Victory Junction a Randleman, jihar Karolina ta Arewa, inda yara masu fama da cututtuka masu tsanani ke zuwa hutu kyauta. Adam ne ya fara kawo shawarar gina shi tun yana raye.