Darasin Wannan Wata: Kafin Mu Ɗaure Kaya Zuwa Gida

 

Hunturu ya fara busawa, makarantu sun kusa ba da hutun ƙarshen shekara, katunan biki kuma sai shigowa suke yi ta waya. Wannan zai aurar da 'yarsa a Tamale, wancan abokinsa zai angwance a Bawku, wani kuma shekara biyar ke nan rabonsa da ganin tsohuwarsa a Dosso ko Sakkwato. A gidajenmu na Nima da Mamobi da Aboabo an fara lissafin kuɗin mota da na tsaraba. Muna murna da wannan. Zumunta a ƙafa take, kuma muryar waya ba ta kai ɗa ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ta dafa kansa ba.

Sai dai mu da aka ɗora wa amanar asusun taimako, akwai abin da muka sani game da Disamba, kuma Janairu ne yake koya mana shi. Bara, ana komawa makaranta, wata baiwar Allah ta zo mana da 'ya'ya uku, babu kuɗin littafi, mai gidan haya kuma ya fara tsayuwa a ƙofa. Maigidanta ba mutumin banza ba ne, tela ne mai riƙe da sallarsa. Ya kwashi adashinsa, ya ƙara da rance, ya tafi bikin amininsa a arewa da niyyar kwana huɗu. Can aka riƙe shi da ziyarce-ziyarce, kowane gida sai ya ajiye wani abu don kada a ce ɗan kudu ya zo hannu biyu, kuɗin komowa ma sai da aka aika masa. Mun taimaka da abin da ya sawwaƙa. Amma kuɗin da muka ba ta, na marayu ne muka gutsuro. Shi ya sa muka ga darasin wannan wata ya tsaya a kan tafiya, da abin da malamanmu suka karantar game da ita.

Mu fara da abin da ke kanmu kafin mu taka tasha. Ciyar da iyali wajibi ne, ba ya faɗuwa don maigida ya yi tafiya. A mazhabar Imamu Malik, wadda akasarinmu muka tashi a kanta, mace tana da ikon neman mijinta ya ba ta abin da za ta ci da 'ya'yanta na tsawon kwanakin da zai yi, tun bai fita ba, ko ya wakilta wani amintacce da zai riƙa ba ta. Haka yake a Muhtasar na Shehu Halilu. Wannan ba rashin kunya ba ne daga gare ta, haƙƙinta ne. A littafin dai aka ce mai bin bashi yana iya hana wanda yake bi tafiya idan wa'adin biyan zai cika alhali ba ya gari, sai in ya bar wanda zai biya a madadinsa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba mu ce kada mai bashi ya je gida ba. Mun ce ya je wurin mai kuɗin ya gaya masa, ya kuma rubuta abin da ake binsa da wanda yake bi ya bar wa matarsa ko babban ɗansa.

Kakanninmu da suka kafa waɗannan zanguna sun fi mu sanin wannan. Fataken goro da suke tasowa daga Kano zuwa Salaga watanni suke yi a hanya, kuma babu wanda yake bin madugu bai yi sallama da masu binsa bashi ba, bai bar wasiyya ba. Mu da muke yin tafiyar cikin kwana ɗaya ko biyu sai muka ɗauka ba a mutuwa a cikinta.

To, bikin fa? Amsa gayyatar walimar aure wajibi ne ga wanda aka kira shi da sunansa. Amma malamai sun lissafa uzurori, daga ciki akwai nisa mai wahalarwa, da rashin lafiya, da tsoron cutuwa a hanya, da kasancewar abin da shari'a ta hana a wurin. Katin da aka watsa a zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu kuwa gayyata ce ta kowa da kowa, ba ta wajabta wa kowa zuwa ba. Saboda haka wanda bai da hali, ya kira ango ya yi masa addu'a, ya aika da gudummawarsa ta waya gwargwadon ƙarfinsa, babu zunubi a kansa. Sau da yawa ma kuɗin motar zuwa da dawowa, da an aika wa ango shi, ya fi amfanar sabon gidan da a ƙara masa baƙo ɗaya mai neman wurin kwana. Ga iyayenmu mata, maganar anko muke roƙo a sassauta. Atamfar da za a ɗaura yini ɗaya kada ta ci kuɗin makarantar wata uku. Lokacin da Abdurrahman ɗan Aufu ya yi aure a Madina, abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da shi walima ce ko da da akuya ɗaya, alhali shi ɗan kasuwa ne.

Yanzu sai sallar matafiyi, inda tambayoyi suka fi zo mana. Asalinta yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 101. Ƙasaru sunna ce mai ƙarfi: Azahar da La'asar da Isha'i su koma raka'a biyu-biyu, Magariba da Asuba suna nan yadda suke. Nisan da Risala ta ambata mil 48 ne, zuwa kawai ban da dawowa, malamai suna ƙiyasta shi da wajen kilomita 80. Ke nan mai zuwa Techiman daga Kumasi matafiyi ne, balle mai zuwa Tamale, wadda take kusan kilomita 380. Mai zuwa Nsawam daga Ankara kuwa cikawa zai yi. Ba a fara ƙasaru a tasha, sai mota ta wuce gidajen gari.

In mutum ya isa ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, wato abin da zai kai salla ashirin, ya zama mazauni, sai ya cika tun daga saukarsa. In kwana biyu ko uku zai yi, ɗaurin aure da walima ya juyo, yana nan a kan ƙasarunsa. In ya bi limamin gari kuwa, sai ya cika tare da shi. Muna ma ganin wanda ya je gida bai kamata ya ware kansa daga jam'in masallacin unguwarsu don neman raka'a biyu ba.

Ga wata mas'ala da ta shafe mu fiye da kowa. Shiga garin mutum yana yanke ƙasaru ko da yini ɗaya zai yi. To, wane gari ne garin ɗan zango? Mu muna cewa za mu je gida, muna nufin inda aka binne cibiyar kaka. Amma littafi yana duba inda mutum ya ɗauka mazauninsa na dindindin. Wanda aka haifa a Asawase, ya yi aure a nan, sana'arsa tana nan, in ya je Birnin Ƙonni garin kakansa, baƙo ne a hukuncin salla, kwana huɗun nan ne za su raba masa gardama. Haka wanda ya baro garinsu da niyyar ba zai koma da zama ba. Amma wanda yake nan don nema kawai, zuciyarsa da ɗakinsa suna can, da ya shiga gari ya cika salla. Haka kuma wanda yake da matar da ta tare a can, garinta ya zama nasa. Mun taɓa ganin dattijo ya yi shiru da aka karanta masa wannan, can ya ce, “Ashe shari'a ta riga ni sanin na zama ɗan Kumasi.”

Haɗa salloli biyu kuma rahama ce da ta dace da motocinmu na haya, waɗanda ba sa tsayawa don an kira salla. In rana ta karkata kuna tsaye a tasha ko wurin cin abinci, ka kuma san ba za a sake tsayawa ba sai bayan faɗuwarta, yi Azahar ka haɗa da La'asar nan take. In ta karkata kuna cikin gudu, kana sa ran a tsaya kafin ta faɗi, jinkirta su ka yi su tare. Haka Magariba da Isha'i. Hau mota da alwala, ka riƙe ruwan leda biyu ban da na sha, in ruwa ya gagara ga taimama. Kuma ku haɗa baki da musulmin da ke cikin motar tun a tasha ku roƙi direba da ladabi. Mutum ɗaya ana iya share shi, mutum goma da wuya. Wanda Juma'a ta wajaba a kansa kada ya tashi bayan rana ta karkata bai sallace ta ba, fita bayan alfijir na ranar ma malamanmu sun karhanta.

Sai hanyar kanta. Duk wanda ya saba bin titin Kumasi zuwa Tamale ya san yankin Kintampo. A watan Fabrairu na 2016 an yi hatsari a can da ya ci fiye da mutum 50, a watan Maris na 2019 aka sake yin wani mai kama da shi, motocin fasinja biyu suka yi karo da tsakar dare. A Disamba motoci sun fi yawa, hazo yana rage gani, direba kuma yana son ya yi sawu biyu a inda ya saba yin ɗaya. Dokar hanya ta ƙasar nan ba ta yarda direban haya ya yi tuƙi fiye da awa huɗu a jere ba tare da hutu ba, ko fiye da awa takwas a cikin yini da dare. Da yawa daga direbobin nan 'ya'yanmu ne na zango, su ma muna magana da su: rayukan da ke bayanka amana ce, goro da shayi ba sa biyan bashin barci.

Mu fasinjoji ma muna da namu laifin. Mu ne muke barin tafiya sai daren jajibirin ɗaurin aure, sannan mu riƙa ce wa direba ya taka. In ya yi gudun wuce sa'a kuma kowa ya yi tsit, wai kada a ce ya cika tsoro, ajali ai ɗaya ne. Gaskiya ne ajali ɗaya ne, amma wanda ya koya mana tawakkali shi ne ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna. Ɗaurin aure yana yiwuwa ba tare da kai ba, waliyyi da shaidu da sadaki ake nema. Tashi da kwana ɗaya a hannu, ka zaɓi motar safe in da hali, kada ka yarda a ɗora yara a kan kaya. Lambar neman agaji a Gana 112 ce, a koya wa yara ita. Addu'ar hawa abin hawa tana cikin Suratuz Zukhruf, aya ta 13 da ta 14, a karanta ta da ƙarfi yara su ji.

Masu ƙetare iyaka, ta Paga ko ta Aflao, su duba fasfonsu da katin allurar shawara tun yanzu, na yara ma haka. Dattawanmu da suka ga korar baƙi ta 1969 ba sa wasa da takarda, mu yi koyi da su. Nijar da Burkina Faso da Mali sun fita daga ECOWAS a Janairun 2025, hanyoyin gabashin Burkina kuma ba su da aminci kamar da. Kada a dogara da labarin wanda ya je shekara uku da suka wuce, a tambayi direban da ya dawo makon jiya. Masu zuwa Bawku su ma su tambayi halin gari da lokacin hana fita kafin su sayi tikiti.

Kuɗin komowa a ware shi daban tun daga nan, a bar shi a waya ko a hannun wanda ba ya jin kunyar cewa babu. In an isa, tsohuwa da tsoho ne farko, kafin gidan biki. A kai yara su gaida dangi, su ji sunayen kakanninsu daga bakin waɗanda suka san su, a ziyarci maƙabarta. Ranar dawowa kuma a sanar da iyali lokacin isowa, kada a faɗo musu da tsakar dare ba labari, haka Annabi ya koyar. Shi in ya dawo daga tafiya yakan fara da masallaci ya yi raka'a biyu kafin ya shiga gida.

Wanda zai yi tafiya ya bar tsoho ko majinyaci ko mai tsohon ciki a gida, ya sanar da limamin unguwarsa ko ɗaya daga cikinmu kafin ya tashi, domin a riƙa leƙa su. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.