Jami'a Da Masana'anta: Yadda Ake Koyon Ilimin Na'ura Mai Sarrafa Kanta

Ranar 2 ga Disamba, 2019, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin ginin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin, wanda ya shimfiɗa layin dogo na Abuja zuwa Kaduna da na Legas zuwa Ibadan, shi ya ɗauki alkawarin gina ta a kan dala miliyan 50, kuma a 2023 aka sa hannu a kan dokar kafa ta. Haka kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021 a hannun kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal, an tsara shi ya bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Mashi, kafin Katsina da Jibiya. Ke nan an shirya wa ɗalibin ƙasar Daura makaranta da dogo a ƙofar gida. Sai dai aikin reluwe na yau ya yi nisa da na zamanin da jirgi ya fara isa Kano a 1911. Yanzu yawancinsa ya koma hannun na'urori masu sarrafa kansu, kuma ilimin ƙera su da kula da su ba ya samuwa sai jami'a da masana'anta sun haɗa hannu.

Mece ce na'ura mai sarrafa kanta? Ita ce wadda take gane halin da ake ciki, ta yanke shawara, ta aikata, sa'an nan ta sake dubawa ta ga sakamakon aikinta. Dutsen guga na lantarki ƙaramin misali ne: in ya yi zafi ya kai mizanin da aka sa masa sai ya yanke wuta da kansa, in ya huce ya mayar. Saƙago, wanda wasu ke kira mutum-mutumi, wannan dabarar ce aka faɗaɗa, aka ba shi kwamfuta a madadin ƙwaƙwalwa. Ba dole ne ya yi kama da mutum ba. Na farko da ya yi aiki a masana'anta, wato Unimate, hannu ne kawai na ƙarfe, wanda kamfanin General Motors na Amurka ya sa ɗaukar ƙarafa masu zafi a 1961. Fannin da ya haɗa makanikanci da lantarki da kwamfuta domin irin wannan aiki ana kiransa mekatironik, kuma sunan ma a masana'anta aka ƙaga shi, a kamfanin Yaskawa na Japan a 1969.

To, me ya sa jirgin ƙasa yake bukatar irin wannan na'ura? Bari mu yi ɗan lissafi. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin kimanin mita 28 a kowace daƙiƙa. Mu ɗauka birkinsa yana rage masa rabin mita a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Zai ɗauki daƙiƙa 56 kafin ya tsaya, kuma tun da matsakaicin gudunsa a wannan lokaci mita 14 ne a daƙiƙa, zai tafi mita 784. Wato ko da direba ya hango wani jirgi a gabansa da tazarar rabin kilomita, ya riga ya makara. Saboda haka dole dogon ne da kansa zai ba da labari tun kafin ido ya gani.

An warware wannan matsala tun 1872, lokacin da William Robinson, wani Ba'amurke, ya fito da dabarar sa ƙaramar wutar lantarki ta bi ta cikin ƙarafan dogo biyu. In jirgi ya hau wannan yanki, ƙafafunsa na ƙarfe sai su haɗa ƙarafan biyu, wutar ta kasa isa ƙarshen yankin, danja ta nuna ja ga duk jirgin da ke biye. Daga nan aka yi ta ci gaba. A 1968 jiragen layin Victoria na birnin Landan suka fara gudu da tsayawa da kansu, ko da yake akwai ma'aikaci a gaba. A 1981 birnin Kobe na Japan ya buɗe layin da babu direba sam. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na yankin Pilbara a Ostareliya, ƙasa mai zafi da ƙura. A Yulin 2018 wani jirgin kamfanin Rio Tinto ya ja tan 28,000 na tama tsawon kilomita 280 ba kowa a ciki, ana lura da shi daga birnin Perth. Mai karatu zai lura cewa wannan tazara kusan ita ce ta Kano zuwa Maraɗi.

Malami yana iya koyar da duk wannan a allo. Abin da allo ba ya nunawa shi ne halin da na'ura ke shiga in ta fita fili: yadda ƙurar hunturu ke rufe idon kyamara, yadda zafin bazara ke gajiyar da batir, da yadda kwamfuta za ta bambanta garken shanu mai tsallake dogo da inuwar bishiya. Wannan sani yana hannun masu aikin, tare da kayan aiki masu tsadar da ɗakin gwaje-gwajen jami'a ba zai iya saye ba. Amma in aka bar wa kamfani koyarwar shi kaɗai, abin da yake bukata yau kawai zai koyar, wato danna wannan, canza wancan. Ranar da aka sauya samfurin na'ura, ilimin ya tashi aiki. Jami'a ce ke koyar da dalili, wanda shi ba ya tsufa da wuri.

Wannan haɗin kai ba baƙo ba ne. Jami'ar Cincinnati ta Amurka ta fara raba lokacin ɗalibanta tsakanin aji da masana'anta tun 1906. A nan gida, Hukumar ITF ta ƙirƙiro shirin SIWES a 1973 domin tura ɗalibai koyon aiki. Jami'ar Ahmadu Bello ma ta ƙulla wani shiri da Jami'ar Central South ta birnin Changsha, da tallafin CCECC, inda ɗalibin injiniya ke yin shekara uku a Zariya, biyu a Sin.

A ganinmu, gini shi ne mafi sauƙi a cikin abin da kamfani zai bai wa jami'a. Ma'aunin gaskiya shi ne, injiniyoyin kamfani suna shiga aji? Malaman jami'a suna zuwa wurin aiki su sabunta iliminsu? Ana bai wa ɗalibai bayanan lalacewar na'urori su yi nazari a kai? Mafi muhimmanci, ana buɗe musu akwatin na'urar su ga tsarin da ke ciki, ko kuwa rufe shi ake yi a ce sirrin kamfani ne? Duk wanda ya taɓa ganin ɗalibi ya ƙare watannin koyon aiki yana zaune a benci, ba abin da ya yi sai kai littafi a sa masa hannu, ya san waɗannan tambayoyi ba na wasa ba ne. In ba a buɗe akwatin ba, za mu yaye masu tsaron na'ura, gyaranta kuwa sai an jira wani ya zo daga ƙetare.

Ɗalibin sakandare mai sha'awar wannan fanni ya riƙe lissafi da fiziks da kyau, musamman darussan motsi da na lantarki. Malamai kuma suna iya gwada dabarar Robinson a aji. A miƙe wayoyi biyu marasa riga a kan katako, kusa da juna ba tare da sun taɓa ba; su ne dogo. A gefe ɗaya a haɗa batiran tocila biyu da ƙaramin ƙwan fitila a jere, a ɗaya gefen a haɗa wani ƙwan tsakanin wayoyin. Duka ƙwayayen za su kama. Sai a gitta ƙusa a kan wayoyin a matsayin jirgi: ƙwan nesa zai mutu, na kusa da batir ya ƙara haske. A ɗauke ƙusar, a tsinke waya ɗaya, ƙwan nesa zai sake mutuwa. Sai a tambayi ɗalibai: me ya sa injiniyoyi suka zaɓi ɗaukewar wuta ta zama alamar tsayawa, maimakon kamawarta?