Ɗari-ɗarin Iyaye da Sababbin Magungunan Yara: Nazari Daga Ƙasar Wudil

Gabatarwa

Wudil gari ne da ke bakin kogi, a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, kuma kasuwarsa ta Juma'a takan tara jama'a daga kusa da nesa. A nan, kamar sauran ƙasar Kano, ba baƙon abu ba ne a ga magidanci ya ja da baya idan aka kawo wa ɗansa maganin da bai saba da shi ba. Sau da yawa akan danganta hakan da jahilci. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa tsoron yana da tushe a tarihi, kuma harshe na da hannu wajen ƙulla shi da warware shi.

Tushen Tsoron

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta afka wa arewacin Nijeriya, ta halaka dubban mutane. Ana cikin haka kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin. An ba rabinsu Trovan, sauran kuma sanannen maganin nan ceftriaxone. Yara 11 suka rasu, 5 daga kashin farko, 6 daga na biyu, wasu kuma suka kurumce ko suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce sanadi, kuma iyaye sun amince da baki. Iyaye da dama kuwa sun ce ba a shaida musu cewa gwaji ake yi ba. A 1999 hukumomin Amurka suka taƙaita amfani da Trovan saboda yana lahanta hanta. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75.

Sakamakonsa

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A 2003, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, Jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin cewa yana hana haihuwa, kuma masu zargin sun riƙa kafa hujja da abin da ya faru a 1996. Bincike bai gaskata zargin ba, amma ba a koma aikin ba sai a Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indunusiya. Kafin nan cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe, yara da yawa suka shanye. Ke nan gudun illar da ake zato ya jawo illa tabbatacciya.

Matsayin Harshe

A kunnen Bahaushe, magani abu ne da aka riga aka san amfaninsa, gwaji kuwa abu ne da ba a san ƙarshensa ba. Duk wanda ya kira gwaji da sunan magani ya tauye wa uba haƙƙinsa na zaɓi. Haka kuma, kusan kowane magani na da illarsa, babba ko ƙarama, kamar ɗan zazzaɓin da kan biyo bayan allurar rigakafi. Idan an faɗa wa uwa tun farko, za ta jure. Idan an ɓoye mata, labarin zai kai kasuwa da ƙarin gishiri.

Kammalawa

Tambayoyin iyaye a Wudil halattattu ne: mene ne sunan maganin, wa ya tantance shi, wace illa yake da ita, kuma akwai damar ƙi? Amsa su cikin Hausa tsantsa aiki ne da ya rataya a wuyan likitoci da masana harshe baki ɗaya. Ɗaliban Hausa na da babban rabo a ciki, domin fassarar takardar neman amincewa ko bayanin magani, idan ta karkace, ran yaro ne a kai.