Idon da ke Sama da Lafiyar Mazauna Bakin Binuwai

'Yan'uwa 'yan kasuwa, iyaye maza da iyaye mata, darasinmu na wannan fitowa ya shafi taurarin ɗan'adam, da yadda hotunan da suke ɗauka ke taimakon iyali su kauce wa ambaliya da cututtukan da ke biyo bayanta. Mai sayar da hatsi a babbar kasuwar Garwa, ko mai kai kifi kasuwar Lahadi ta Pitowa, zai iya cewa wannan zancen masana ne. Sai dai sanarwar da rediyo ke yi cewa ruwa na tafe, wani kaso nata daga waɗannan hotuna yake fitowa. Wanda ya san asalin sanarwa ya fi saurin aiki da ita.

Inda ruwanmu yake fitowa

Kogin Binuwai ya taso ne daga tsaunukan Adamawa na Kamaru. Yana ratsa madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka kammala a 1982, kimanin kilomita 50 daga Garwa. Bayan madatsar, Mayo Kebbi da ke zuwa daga Cadi yana zuba a cikinsa kafin ya iso gari. Can gaba kusa da iyaka kogin Faro ya haɗu da shi, sannan ya wuce Yola da Makurɗi, ya tarar da kogin Kwara a Lakwaja. Ashe ke nan ruwan sama da aka yi a Cadi yana iya cika gidan mutumin Garwa ko da ba a buɗe Lagdo ba, haka kuma ruwan da aka saki a Lagdo yana iya cinye gonar mutumin Yola.

An ga haka a 2012, lokacin da ambaliya ta ɓarnata Jihar Arewa da Jihar Arewa Mai Nisa a Kamaru, a Najeriya kuma hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ƙidaya mutum 363 da suka rasu, fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu a Najeriya sun haura 600. Babu ƙasa ɗaya da ke iya ganin kogin nan daga tushensa zuwa ƙarshensa da ma'aikatanta kaɗai, shi ya sa ake bukatar ido daga sama da kuma musayar labari.

Abin da tauraron yake gani

Taurarin iri-iri ne. Akwai Meteosat na ƙasashen Turai, wanda ke nesa da ƙasa da kusan kilomita 36,000, yana aiko da hoton gajimare a kan Afirka duk bayan 'yan mintuna. Da shi ake ƙiyasta yawan ruwan da ya sauka a wuraren da babu ma'aunin ruwan sama. Akwai Sentinel-1, wanda aka harba na farkonsa a 2014. Shi yana aika igiyar rediyo ne zuwa ƙasa, ya karɓi abin da ya dawo, don haka yana bambance ruwa da tudu ko da dare ne, ko da hadari ya rufe sama. Wannan yana da amfani ƙwarai a watannin Agusta da Satumba, lokacin da gajimare ke hana sauran taurari gani. Akwai kuma Landsat na Amurka, wanda ke ɗaukar hoton duniya tun 1972. Irin waɗannan hotuna ne suka nuna yadda Tafkin Cadi, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya ragu matuƙa bayan farin shekarun 1970 da 1980.

Yadda ƙasashe ke raba hotunan

A da, hoton tauraro kaya ne mai tsada. A 2008 Amurka ta buɗe taskar Landsat kyauta ga kowa, Tarayyar Turai ma ta bi wannan hanya a shirinta na Copernicus. Tun shekara ta 2000 kuma akwai yarjejeniyar hukumomin sararin samaniya kan manyan bala'o'i: idan ambaliya ko girgizar ƙasa ta auku, aka nemi taimako, sai masu taurari su juya na'urorinsu zuwa wurin, su ba masu agaji hotuna ba tare da biyan kuɗi ba.

A yankinmu, Hukumar Kogin Kwara mai mazauni a Yamai ta haɗa ƙasashe 9, ciki har da Kamaru, Cadi, Nijar da Najeriya, tana tattara bayanan ruwa tana rarraba musu. Hukumar Tafkin Cadi da aka kafa a 1964 tana N'Djamena. A Yamai ɗin kuma akwai cibiyar ACMAD mai hasashen yanayi domin Afirka baki ɗaya. Amfanin wannan zumunci ya fito fili a watan Agusta na 2023, sa'ad da Kamaru ta sanar da Najeriya a rubuce cewa za a buɗe ƙofofin Lagdo, hukumomin Najeriya kuma suka gargaɗi garuruwan bakin kogi tun ruwa bai iso ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Alaƙar wannan da lafiya

Ambaliya takan cika masai, ta kwaso ƙazanta ta zuba a rijiya. Ta nan kwalara da zazzaɓin taifot ke shiga gida. A annobar kwalara ta 2010, wadda ta fi tsanani a arewacin Kamaru, fiye da mutum 10,000 suka kamu a ƙasar, fiye da 600 suka rasu. Bayan ruwa ya janye kuma, kududdufai kan zama gidan haihuwar sauro, zazzaɓin cizon sauro ya ƙaru cikin makonnin da ke biye. Taswirar wuraren da ruwa ya kwanta tana nuna wa ma'aikatan lafiya ƙauyen da hanya ta yanke, da unguwar da ya kamata a fara kai wa maganin tsabtace ruwa da gidan sauro.

Da rani ma idon yana aiki. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Cadi ana ganin ta daga sama kafin ta lulluɓe mu. Busasshiyar iska da ƙura suna raunana hanci da maƙogwaro, kuma a irin wannan lokaci ne sanƙarau ya fi yaɗuwa. Saboda haka ACMAD ke fitar da sanarwar faɗakarwa kan sanƙarau a lokacin rani.

A lura fa, tauraro ruwa yake gani da ƙura, ba ya ganin ƙwayar cuta a cikin randa. Gargaɗin da ya tsaya a ofis bai isa kunnen mai gida ba, bai ceci kowa ba. Sauran aikin yana hannunmu.

Abin da iyali da ɗan kasuwa za su yi

1. Daga Yuli zuwa Oktoba a riƙa sauraron rediyo kullum, a kuma kula da saƙon hukuma ta bakin Lamiɗo, Lawan ko Jauro. Hoton ambaliya da aka turo a WhatsApp yana iya zama na wata shekara ko na wata ƙasa. A tabbatar kafin a tura wa wani.

2. Da jin gargaɗi, a ɗaga buhunan hatsi da gari a kan katako ko a kai su tudu. Katin rigakafin yara, takardun shaida da magungunan masu hawan jini ko ciwon sukari a ɗaure su cikin leda a ajiye kusa.

3. Idan aka ce a tashi, a fara da tsofaffi, masu juna biyu da ƙananan yara, tun da rana. Kada a ratsa ruwa mai gudu da ƙafa ko da babur.

4. Rijiyar da ambaliya ta shiga ba a shan ruwanta sai an tsabtace ta. Ruwan sha a tafasa shi, ko a sa maganin tsabtace ruwa bisa ƙa'idar da ke jikin fakitinsa. Mai sayar da abinci ta wanke hannu da sabulu, ta rufe abinci, kuma kayan ci da ruwan ambaliya ya taɓa a zubar da su.

5. Wanda ya fara zawo kamar ruwan shinkafa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, a kuma garzaya da shi asibiti yana sha a hanya. Idan babu na fakiti, a haɗa lita 1 ta tsabtataccen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari, shafaffu, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kwalara tana iya kashe babba cikin sa'o'i kaɗan.

6. Kowa ya kwana cikin gidan sauro. Yara masu wata 3 zuwa 59 su sha maganin rigakafin zazzaɓi na damina duk wata, har kwana uku ɗin su cika.

7. Da rani, zazzaɓi mai zafi tare da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba a jira da shi zuwa gobe.

Tambayoyin bita

Wane kogi ne daga Cadi ke ƙara wa Binuwai ruwa kafin Garwa? Me ya sa Sentinel-1 ke gani cikin hadari? Yaya ake haɗa ruwan gishiri da sukari? A karanta wa maƙwabcin da bai iya karatu ba, fataken da ke zuwa Yola da Lere kuma su tafi da takardar nan. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu da zuri'armu.