Baƙon Da Ya Ketaro Iyaka: Wane Ne Ɗan Gudun Hijira A Doka?

Ƙasar Gumel ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar, ga kasuwar Maigatari kuwa ba ta rabuwa da baƙi. Saboda haka ya kamata hakimai da malamansu su san sunan da doka ta ba kowane baƙo, don a bakin jama'a duk wanda wahala ta koro ɗan gudun hijira ne, alhali doka ta rarrabe su.

A 1951 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙulla yarjejeniya a Janeba, Nijeriya ta shiga cikinta a 1967. Ɗan gudun hijira a wannan yarjejeniya shi ne wanda ya bar ƙasarsa don tsoro mai dalili cewa za a zalunce shi saboda jinsinsa, ko addininsa, ko ƙasarsa ta asali, ko ƙungiyar jama'ar da yake ciki, ko ra'ayinsa na siyasa, ba shi kuwa da halin samun kariyar hukumar ƙasarsa. A 1969 shugabannin Afirka suka taru a Addis Ababa suka faɗaɗa ma'anar, ta haɗa da wanda harin wata ƙasa, ko mulkin baƙi, ko tarzoma mai tsanani ta kora. Da irin wannan ma'ana ce Nijar ta karɓi mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina waɗanda 'yan bindiga suka koro zuwa Maraɗi a 2019.

Mai neman mafaka kuwa shi ne wanda ya kai ƙoƙon bararsa, ba a riga an yanke masa hukunci ba. To, a nan ne ake son hakimi ya yi hattara ƙwarai. Ba a mai da shi inda ransa ko 'yancinsa ke cikin hatsari, ba a kuma hukunta shi don ya shigo ba takarda, muddin ya kai kansa ga hukuma ba da jinkiri ba, ya faɗi dalilinsa. Yanke hukuncin ba na hakimi ba ne, ba na dagaci ba. Aikin Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Ƙasa ne, wadda aka kafa a 1989.

Wanda fari da yunwa kaɗai suka koro, kamar mutanen Damagaram a 1973 da 2005, bisa al'ada ba a lissafa shi cikin waɗannan. Abin da ya cancanta shi ne taimakon jinƙai, watau abinci da masauki da magani. Haka ɗan ci-rani, shi baƙo ne mai neman abin kansa. Mutumin Barno da ya gudo Gagarawa ko Sule Tankarkar bai ƙetare iyaka ba. Ɗan ƙasa ne, haƙƙinsa na ɗan ƙasa yana nan, kuma Yarjejeniyar Kampala ta 2009 ta tanadi kariyarsa.

Idan baƙo ya ce tsoro ya koro shi, malamin hakimi ya rubuta sunansa, da garinsa, da ranar zuwansa, da dalilin yadda ya faɗa da bakinsa, ba ƙari ba ragi, a aika wa jami'an shige da fice na Maigatari.