Lissafin Kayan Gini Da Ladan Ma'aikata: Darasi Daga Unguwar Kolere A Mubi

Unguwar Kolere tana cikin Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa a Jihar Adamawa, a garin da ya yi suna wajen cinikin shanu da huldar kasuwanci da ƙasar Kamaru. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa da ke garin sun sa ana neman ɗakunan haya, abin da ke jawo 'yan kasuwa su zuba jari wajen sayen tsofaffin gidaje da gyara su. Haka kuma bayan da 'yan Boko Haram suka mamaye Mubi a watan Oktoba na 2014, aka kuma kore su a watan Nuwamba, aikin gyaran gidaje da shaguna ya zama wajibi ga jama'a da dama.

Abu na farko da ya kamata mai zuba jari ya lura da shi shi ne kuɗin dako. Masana'antar siminti ta Ashaka tana Jihar Gombe, ta Gboko kuwa a Jihar Binuwai, saboda haka duk buhun da ya iso Mubi yana ɗauke da kuɗin mota da na lodi da sauke kaya. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ya ƙara wannan nauyi.

Na biyu shi ne darajar Naira. Dala ɗaya da ake canzawa kimanin Naira 460 a farashin hukuma a watan Mayun 2023 ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairun 2024, kuma farashin rodi da kwanon rufi da wayar lantarki ya bi sahu. A wannan wata ne Gwamnatin Tarayya da masu masana'antu suka amince a sayar da buhun siminti mai kilo 50 tsakanin Naira 7,000 zuwa 8,000.

Na uku shi ne ladan magina da kafintoci da leburori. Ko da yake dokar mafi ƙarancin albashi ta Naira 70,000 ta 2024 ba ta shafi ɗan jinga kai tsaye ba, tsadar abinci takan sa ya ƙara kuɗin yini. Da damina ma'aikata da yawa sukan koma gona, yashi kuma yakan yi wuyar ɗebowa daga rafi, don haka aikin rani ya fi sauƙi.

Alal misali, wanda ya sayi gida a kan Naira miliyan 10, ya kashe miliyan 4 wajen gyara, yana karɓar hayar Naira 700,000 a shekara, sai ya yi shekara 20 kafin uwar kuɗinsa ta dawo. Idan gyaran ya kai miliyan 6, lokacin zai kusa shekara 23.

Saboda haka ya dace a sa magini ya duba tushe da rufi kafin a biya kuɗin gida, a tabbatar da takardun fili, a sayi rodi da kwano tun farko, a kuma rubuta yarjejeniyar jinga a gaban shaidu tare da biyan kuɗi kashi-kashi. Siminti kuwa a riƙa sayensa gwargwadon aiki, domin laima tana sa shi daskarewa.